Muryar da aka tura a guruf ɗin 'yan uwa: amsa ga Goggo kan tarin auta

Salamu alaikum. Goggo ina wuni, ya mai jiki? Tun azahar na ji muryarki, ina wurin aiki ne. Kin ce ya aka yi auta ya kamu da tarin TB alhali ga tabon allurar BCG, ta rigakafin tarin, nan a damtsensa na hagu, kuma yayansa da suke kwana ɗaki ɗaya lafiyarsa lau. To ni na gane abin da ke ranki, ko hannu aka sa masa. Wallahi Goggo ba sammu ba ne. Da idona nake ganin ƙwayar nan a madubin gwaji in mun rina majina, ja-ja, sirara kamar karyayyen tsinke.

In mai ciwon ya yi tari, ƙwayar na tashi a iska, wani ya shaƙa, ta sauka can ƙasan huhu. A nan akwai wasu ƙwayoyin jiki masu gadi, makrofaj ake ce musu, aikinsu haɗiye duk baƙon da ya shigo. Da rigarsa suke gane shi, don fatar ƙwayar TB na da wani irin kitse da babu shi a jikin ɗan Adam, suna taɓawa sun san wannan ba ɗan gida ba ne. Da wata ƙwayar ce, an haɗiye an narkar, magana ta ƙare. Ita kuwa rigarta kauri gare ta kamar kakin zuma, kuma tana hana jakar da aka sa ta ciki ta haɗu da jakar ruwan narkarwa. Sai ta yi zamanta a cikin mai gadin, tana hayayyafa. A hankali fa, sai ta yi awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, shi ya sa ciwon ke bin mutum sannu-sannu.

Daga nan wasu ƙwayoyin su ɗauki guntunta su kai kaluluwa, su nuna wa manyansu, waɗanda ake kira CD4. Kai rahoton nan makonni yake ci. In CD4 suka iso sai su saki wani sinadari da ke ƙara wa masu gadin ƙarfi, a taru a kewaye ƙwayar. Kamar ganuwar garin nan... a'a, ban faɗi daidai ba. Ganuwa an yi ta ne don kada maƙiyi ya shigo, a rufe Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri a kwanta. Wannan kuwa maƙiyin na ciki, aka gine shi don kada ya fito. Sai ta shekara da shekaru a haka, mutum ba ya tari, ba ya shafa wa kowa. An ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa ɗaukarta, amma 5 zuwa 10 cikin 100 ne ke kwantawa. Kin ga yayan nasa ma ba mamaki tana jikinsa, ginin ne bai zube ba.

Abin da ke zubar da ginin raunin jiki ne: rashin abinci mai kyau, ciwon suga, sigari, ko ƙanjamau, don shi CD4 ɗin nan yake bi yana kashewa. Ban ce auta na da shi ba fa, kada wani ya ɗauki maganata ya kai wani wuri. Duk mai TB ana masa gwajin ƙanjamau, ƙa'ida ce.

Ita kuma BCG tun 1921 ake yin ta, kuma ta yi aikinta. Ƙananan yara take karewa daga mugun nau'in, irin wanda ke hawa kai ya zama sanƙarau. Ga huhun wanda ya girma ƙarfinta kaɗan ne.

Ni abin da ke ƙona min rai mai kemis ɗin nan ne. Wata huɗu yaro na tari, yana zufa da dare, wandonsa na zamewa, shi kuwa sai miƙo kwalbar maganin tari yake. Ko sau ɗaya bai ce a je a gwada majina ba, alhali tarin da ya kai sati biyu gwaji yake so, kuma kyauta gwamnati ke ba da maganin. Haka aka yi wa marigayi Kawu, kuna gani, sai da ya fara tofar da jini, sannan da ya ji sauƙi a wata na biyu aka bar shi ya ajiye magani, na yi ta magana aka ce yarinta ke damuna... to, Allah Ya jiƙansa, bari in bar wannan.

Goggo, wata shida cur zai sha, ko ya ji garau kada ya tsallake rana ɗaya. In kin ga fitsarinsa ya yi ja kada ki tsorata, maganin ne. A riƙa buɗe tagar ɗakin. Gobe da safe ki turo min yayansa da duk mai tari a gidan, ina nan tun ƙarfe takwas. A gaida Baba.