Bayan fomatin, sauti da intanet sun ɗauke: ina ake samo direbobin madabod?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon buga takardu a Zariya. Na kai kwamfutata ta tebur aka yi mata fomatin, aka ɗora Windows 10. Tun da ta dawo sifika ta yi gum, wayar intanet kuma in na jona a bayanta kamar ban jona komai ba. Yaron da ya yi aikin ya ce direbobin madabod ne, zai kawo filashi mai ɗauke da kowane irin direba. In bari ya saka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Yaron ya gano cutar, amma ka ɗan dakatar da shi kan maganin.

Madabod shi ne faffaɗan allon nan da ke cikin akwatin kwamfuta, wanda komai ke jone a jikinsa. A kansa akwai ƙananan na'urori, kowace da aikinta: ta sauti, ta ramin wayar intanet, ta ramukan USB, sai babbarsu da ake kira chipset, wadda ko dai ta Intel ce ko ta AMD. Direba kuwa tafinta ne tsakanin Windows da kowace ɗaya. Fomatin ya kori tafintocin, shi ya sa sifikarka lafiyarta ƙalau amma ba ta magana.

Fara da ganin abin da ya ɓace. Danna maɓallin Windows haɗe da R, rubuta devmgmt.msc, ka danna Enter. Device Manager zai buɗe, wato jerin na'urorin kwamfutar. Duk inda ka ga 'yar alama mai ruwan ɗorawa da alamar motsin rai a ciki, nan ne giɓin. Ethernet Controller shi ne na intanet. SM Bus Controller na chipset ne. Wanda ke rikita mutane, PCI Simple Communications Controller, galibi na Intel Management Engine ne.

Sai ka san sunan allon naka, don a nan ake yawan yin ɓatan kai. Sake danna Windows da R, rubuta msinfo32, ka duba layin BaseBoard Manufacturer da BaseBoard Product. In haɗa kwamfutar aka yi, za ka ga ASUS, Gigabyte, MSI ko ASRock, da lambar samfurin. Kwafe ta harafi da harafi, domin harafi ɗaya a ƙarshe kan raba allo da ɗan'uwansa. Allunan Gigabyte ma suna da wata lambar, kamar Rev 1.0 ko 1.1, a rubuce a kusurwar allon. In kuwa irin na hannun nan ne da suka cika kasuwanninmu, HP ko Dell ko Lenovo, ba ka buƙatar sunan allo. Duba lambar da ke kan takardar da ke manne a jikin akwatin. A Dell ana kiranta Service Tag, haruffa da lambobi 7. Ita za ka rubuta a sashen Support na shafin kamfanin, ya fito maka da direbobin na'urarka ita kaɗai.

Za ka ce ta yaya zan sauke alhali ba intanet? Jona wayarka ta Android da igiyar caji mai ɗaukar data, ka kunna USB tethering, wato wayar ta raba wa kwamfutar intanet ɗinta. Galibi Windows 10 na gane wannan ba tare da neman wani direba ba. Ko ka sauke a wata kwamfutar ka kawo a filashi. Fara saka na chipset, ka sake kunna kwamfutar, sannan na intanet, na sauti, na hoto. Kada ka yi ƙyuyar sake kunnawar nan.

Filashin yaron fa? Na sha karɓar kwamfutocin da aka yi wa irin wannan ɗurin. Akwai wadda aka kawo min, sauti ya dawo kam, amma duk bayan minti kaɗan sikirin ya koma shuɗi ta mutu, ga wasu manhajoji uku da mai ita bai san da zamansu ba suna shan data. Da na cire direban da aka cusa na saka na kamfanin, shi ke nan. Irin waɗannan tarin sukan yi canki-canka ne, kuma ba ka san hannun da suka bi ba kafin su iso gare ka.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Maraɗi. Wata manhaja kullum tana fito min da saƙon cewa direbobina sun tsufa, in biya a sabunta. Kwamfutar kuwa ba abin da ke damunta.

Amsa: 'Yar'uwa, ko sisi kada ki biya, cire manhajar ma za ki yi. Direba kyauta ne a wajen kamfanin da ya ƙera na'urar. Ana sabunta shi ne in akwai dalili: wani abu ya daina aiki, an sauya Windows, ko kamfanin ya toshe wata kafar tsaro. In kina so ki duba, shiga Windows Update, ƙarƙashin Optional updates. Tunda wataƙila taki da Faransanci take, Device Manager shi ne Gestionnaire de périphériques, kuma devmgmt.msc na buɗe shi ko da wane harshe. In kin sabunta abu ya lalace, shiga Properties na na'urar, ki zaɓi Driver, sai Roll Back Driver, ya koma tsohon.

Tambaya: A shafin da na sauke direbobi na ga BIOS a jerin. Shi ma in saka?

Amsa: A'a ɗan'uwa, tsaya. BIOS ba direba ba ne duk da suna zama a shafi ɗaya. Shi a cikin allon kansa yake, shi ke tada kwamfuta tun kafin Windows ya farka. In direba ya ɓaci, ka cire ka sake. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta BIOS, kwamfutar kan ƙi tashi gaba ɗaya, ko tambarin kamfani ba za ka gani ba. Ka kuwa san halin wutarmu. Wasu allunan suna da hanyar ceto, kamar BIOS Flashback na ASUS, amma ba duka ba.

Karanta bayanin da ke gefen fayil ɗin tukuna. In ya ce yana gyara matsalar da kake fama da ita, ko za ka sa sabon furosesa da allon bai sani ba, ko gyaran tsaro ne, to ka yi. Amma ka jona kwamfutar a UPS ko inbata mai cikakken caji, ka tabbata lambar allon ta yi daidai, kuma da zarar ya fara kada ka taɓa komai, ko da sikirin ya yi baƙi ta kashe kanta ta kunna sau biyu ko uku.