Tambaya da Amsa: Mai Kaki Zai Iya Yi wa Gwamna Zanga-zanga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A majalisarmu ta Jekadafari wani ya nuna mana bidiyo a waya, wai 'yan kwana-kwana da 'yan sanda ne a Amurka suka fito zanga-zangar adawa da gwamnansu. Gardama ta kaure, wasu suka ce haɗi ne. Ƙanena kofur ne a 'yan sanda, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Da gaske an yi haka? Namu za su iya?
Wani makaranci daga Gombe

AMSA: Wa alaikumus salam. An yi, ɗan'uwa. Da alama bidiyon na jihar Wiskonsin ne, a watan Fabrairun 2011. Gwamna Scott Walker ya kawo ƙudurin da zai karya ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago, ya rage musu damar zama teburin ciniki da gwamnati, ya kuma ƙara abin da ake cire wa ma'aikata na fansho da lafiya. Dubban mutane suka cika ginin majalisar jihar a birnin Madison, har da kwana a ciki.

Ga abin da ya taɓa min zuciya: ƙudurin ya tsame 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, bai shafe su ba. Da sun yi zamansu, ba mai ganin laifinsu. Amma 'yan kwana-kwana suka shigo a jere da hulunansu na kwano, ana busa algaitar nan mai jaka, jama'a na ta tafi. Sun san in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. 'Yan sanda kuwa sai sun tashi daga aiki suke zuwa, su tarar da abokan aikinsu na gadin ƙofa. Duk da haka gwamnan ya sa hannu ranar 11 ga Maris, kuma da aka yi masa kiranye a Yunin 2012, ya sake ci.

To, mu dawo gida. Can suna da ƙungiya mai tsaya musu, ƙanenka ba shi da ita, domin dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta Najeriya ta hana 'yan sanda kafawa ko shiga. Sannan shi ba ma'aikacin gwamna ba ne. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 rundunar 'yan sanda ɗaya tal ya yarda da ita, ta tarayya. Gwamna kan saya musu motocin sintiri, amma albashi daga Abuja yake zuwa. 'Yan kwana-kwana na jiha su ne gwamna ke biya, sai dai wata dokar ƙwadago ta 1976 ta sa aikinsu cikin ayyukan da ba a yarda a tsayar da su ba.

Namu sun taɓa gwadawa. A Fabrairun 2002 ƙananan 'yan sanda suka shiga yajin aiki zamanin Obasanjo, gwamnati ta kira abin tawaye, ba a jima ba Sufeto Janar Musiliu Smith ya bar kujera. A Yulin 2018 'yan mobal suka tare hanya a Maiduguri kan alawus. Duk kukan haƙƙi ne, ba siyasa ba.

Ni ra'ayina, mai riƙe da bindiga bai kamata ya ɗauki ɓangare ba, don ranar zaɓe shi zai tsaya bakin akwati. Amma abin na ci min rai. Na taso maƙwabcinmu saje ne. Kullum da asuba yana goge kakinsa da dutsen guga na gawayi, kwalar ta sha faci har ta gaji, ban taɓa jin ya yi ƙorafi a waje ba. Irinsu ne, 'yan sanda masu ritaya, suka taru a Abuja a 2025, da furfura, suna neman a fitar da su daga tsarin fansho na karo-karo.

Ka faɗa wa kofur kada ya je taron siyasa da kaki in ba aiki aka tura shi ba, kada kuma ya yaɗa bidiyon nan a Facebook da sunansa. Ka gaishe min da 'yan majalisa.