Tun da aka yanke min hanji bayan gida ya zama wahala

Tambaya: Salam likita, dan Allah a taimaka min. Bara aka yi min tiyata aka cire wani ɓangare na babban hanjina, ɗinki ya warke alhamdulillah amma har yau sai in yi kwana uku ban zaga ba, in ma ya zo da ƙyar, ga tauri. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Mutane sun fi sanin gudawa bayan irin wannan aikin, amma maƙarƙashiya ma tana faruwa sosai, musamman in ɓangaren hagu aka taɓa.

Kafin komai ki koma wurin likitan da ya yi miki aikin. Inda aka haɗa bakin hanjin biyu yakan yi tabo ya tsuke, ko hanji ya manne da juna a ciki, kuma in hakan ne ya faru kika hau ɗura abinci mai harza da yawa (wato dusar abinci da ciki ba ya narkarwa) to matsalar ƙaruwa za ta yi, shi ya sa nake so a fara leƙa wurin da kyamara ko a yi sikanin. Ki tafi masa da duk magungunan da kike sha, don tramadol da codeine da ƙwayar ƙarin jini duk suna ɗaure ciki.

In an duba hanya a buɗe take, toh sai gyaran yau da kullum. Harza kamar giram 25 zuwa 30 a rana daga ganyayyaki, 'ya'yan itace da wake, amma a hankali za ki riƙa ƙarawa cikin makonni kar ciki ya cika da iska. Ruwa lita 1.5 zuwa 2 in dai ba a hana ki ba saboda zuciya ko ƙoda. Ki riƙa ɗan tattaki kullum. Bayan karin kumallo hanji ya fi motsi, ki shiga banɗaki a lokacin, ki ɗora ƙafafu kan 'yar kujera gwiwa ta ɗara ƙugu, kar ki yi yunƙuri da ƙarfi.

Magani kuwa, macrogol ko lactulose suna jawo ruwa cikin bahaya ya yi laushi, ana iya daɗewa a kansu da sanin likita. Senna da bisacodyl sai in abu ya cije. Dan Allah kar ki yi wa kanki ɗurin ruwa ta dubura ba izinin likitanki.

Amma in ciki ya kumbura ya yi tam, ga amai, ko iska ma ta daina fita, ko kin ga jini, ko kina ramewa, asibiti kai tsaye a ranar, kar ki jira ranar ganin likita.