Kana tambayar nauyi, ka tuna mini da jaka arba'in ɗina

Kai yaro, tun safe ka ishe ni da bidiyon nan na waya, Turawa na zamiya kan dusar ƙanƙara bisa katako ɗaya, wai gaba mutum zai kai nauyinsa ko baya in yana son gudu a miƙe, kuma ko haka abin yake ga doki. Mu nan Garwa da ranar Afrilu ke gasa mu, ina mu ina ƙanƙara? Amma na kalla. Shimfiɗe suke barin katakon, don da ya karkata, bakin ƙarfensa zai ciji ƙanƙara, gudu ya ragu. Nauyi a tsakiya, ɗan kaɗan kan ƙafar baya kada hancin katakon ya nutse, sannan su duƙa iska ta bi ta kansu.

Duƙawar nan ce suka haɗa da doki. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki kan ƙafafun gaba yake, amma turin daga baya yake fitowa. Ka zauna masa a ƙugu, ka kashe gudun. Shi ya sa mahayin sukuwa ke gajarta likkafa, ya ɗaga daga sirdi, ya duƙa bisa kafaɗa. Da Tod Sloan na Amurka ya kai hawan nan Ingila a 1897, dariya suka yi masa, suna cewa zaman biri. Daga baya duk suka koma birai. Yadda ake ɗaure majayi kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da kati.

Wani Alhaji, ba zan kama suna ba, ya zo mini saura wata guda Babbar Sallah, yana son sirdin sukuwa. Na ce marar nauyi zan yi masa, mazaunin gaba-gaba. Ya ce a'a, shi dai mai dogon baya, da adon tagulla, irin na hawan Lamiɗo. Na ce Alhaji, wannan na ƙawa ne, ba na tsere ba. Ya ce kuɗinsa ne. To. Kwana ashirin ina kansa, fatar ma da kuɗina na saya. Ran sukuwa ya ɗora ɗansa, ƙato guda, ya jingina da bayan sirdi kamar yana kujerar falo, ƙafafu a miƙe. Doki mai kyau, wallahi, ingarma, amma na shida ya zo cikin bakwai.

Washegari sai ga sirdina a hannun yaronsa, wai aikina ne ya kayar da shi. Cikon jaka arba'in ya hana ni. Ya bi gari yana ɓata ni, shekarar nan mutum uku suka janye aikinsu. Har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya miƙo mini hannu ko kunya babu.

Ajiye wayar nan ka miƙo mini basilla, fatar tana bushewa.