Hukuncin Budurwar Da Gwajin Asibiti Ya Nuna Tana Da Ƙwayar Halittar Maza

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni uwa ce daga Tudun Wadan Zariya. 'Yata ta biyu shekararta 19 ba ta taɓa ganin al'ada ba. Tun tana 13 ta fara ƙirgar dangi kamar sa'o'inta, ƙirjinta ya cika, muryarta ta mata ce, ba ta da gashin baki balle gemu. Gabanta ma na mata ne tun haihuwa, ni na yi mata wanka da hannuna, ban taɓa ganin abin shakka ba. An kawo kuɗin gaisuwa, ana maganar sa rana bayan babbar salla, shi ya sa na kai ta asibitin koyarwa na Shika. Bayan hoton ciki da gwajin jini likitoci suka ce ba ta da mahaifa, akwai 'ya'yan maraina ɓoye a cikin mararta, kuma ƙwayar halittarta irin ta maza ce, wai XY. Mahaifinta ya rasu. Ƙanensa ya ce tunda haka ne namiji ce a shari'a, aurenta haramun ne, ta cire hijabi, ta bar ɗakin 'yan'uwanta mata, a kuma sake rabon gado. Ita ba mu gaya mata komai ba, sai dai mun ce za a ba ta magani. Malam, mece ce 'yata a wajen Allah? Na fi mako biyu ban yi barcin kirki ba.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki ladan wannan ɗawainiya. Tun kafin in shiga bayani: idan al'amarin yana yadda kika siffanta, 'yarki mace ce a shari'a. Ta ci gaba da sanya hijabinta, ta kwana a ɗakin 'yan'uwanta, ta tsaya a sahun mata, rabon gadon da aka ba ta na 'ya mace yana nan daram, aure kuma ya halatta gare ta.

Abin da ya yanke hukuncin yana cikin maganar da kika faɗa a wuce, wato cewa ke kika yi mata wanka kuma ba ki taɓa ganin abin shakka ba, sannan da ta balaga jikinta ya bi hanyar mata bai karkata ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin mata-maza, abin da suke kira hunsa, wanda aka haifa da gaba biyu ko da gaban da ba a tantance ba. Duk wanda ya sauke Muhtasar na Shehu Halil a zaurukan birnin Zazzau ya san a kan wannan mas'ala littafin ya ƙare. Ya ce idan ya yi fitsari ta gaba ɗaya, ko ɗayan ya fi yawa, ko ya riga ɗayan, ko gemu ya fito masa, ko nono, ko aka sami haila ko maniyyi, to babu sauran rikitarwa. Ki ɗora 'yarki a kan wannan ma'auni. Mafitsara ta mata ce, nono ya fito, gemu babu, gaban namiji babu. Haila kawai ta rasa, rashin haila kuma bai taɓa fitar da mace daga cikin mata ba. Ashe ba ta ma kai matsayin mata-mazan da ake buƙatar bincike a kansa ba, balle wanda ya rikitar.

Yana da kyau ki fahimci abin da likitocin suka gani, domin tsoro yakan ragu idan an san abu. Kusan kowace ƙwayar da ta gina jikin ɗan Adam tana da kuromozom 46, wato 'yan zaruruwan da ke ɗauke da umarnin halitta, an jera su bibbiyu. Biyun ƙarshe a wajen mace XX ne, a wajen namiji XY. A makonnin farko na ciki ba a bambanta tayin namiji da na mace. Wajen mako na bakwai ne wani ɗan sashe da ke kan Y ɗin yake sa a gina maraina, su kuma su fitar da sinadarai biyu. Na farko ya hana mahaifa ginuwa. Na biyu, testosteron, shi ne ke ƙera gaban namiji, daga baya ya kawo gemu da kaurin murya. Amma sinadarin ba ya aiki sai jiki yana da abin karɓarsa, kamar mabuɗi ne da kwaɗo. A irin halittar da kika siffanta kwaɗon ba ya buɗuwa sam. Sinadarin farko ya yi aikinsa, shi ya sa babu mahaifa babu al'ada. Na biyun kuwa jiki bai amsa masa ba ko kaɗan, sai halitta ta tafi a kan surar mace, da balaga ta zo jikin ya juya wani ɓangare na sinadarin ya koma na mata, ƙirji ya fito. Wani likita ɗan Amurka, John Morris, ya yi cikakken bayanin wannan a 1953, amma mata masu irinsa suna nan tun kafin a ƙera madubin likita.

Sharaɗi ɗaya nake gindayawa. Ki koma wajen likitan ki tambaye shi kai tsaye: rashin amsawar jikinta cikakke ne ko na wani ɓangare? Akwai wasu nau'o'in da ake haihuwar yaro da kamannin mace, amma da balaga ta zo murya ta buɗe, gaba ya girma, jiki ya koma na namiji. Wannan hukuncinsa daban, ana duba abin da ya rinjaya. Shekara shida da fara balagarta ba a ga haka ba, wannan alama ce mai ƙarfi, amma a ji daga bakin masana.

Sai maganar baffanta. Ba na zarginsa da mugun nufi, kuma ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba. Akwai masu ilimi a wannan zamani da suke ganin tunda Allah ya buɗe wa mutane sanin ƙwayoyin halitta, to gwajin kuromozom da samun maraina su ne hujjar ƙarshe, alamomin da magabata suka ambata kuwa dabara ce ta lokacin da babu asibiti. Na daɗe ina duba wannan ra'ayi kuma ban gamsu da shi ba.

Shari'a ta rataya hukunce-hukuncenta a kan abin da ke bayyane, wanda ungozoma a ƙauye da likita a birni za su iya gani. Mata irin 'yarki an haife su a Madina, an haife su a Zazzau ɗaruruwan shekaru, sun yi salla a sahun mata, an aurar da su, sun ci gadon mata, an yi musu sutura ta mata. Mutane sun ɗauke su matan da Allah bai ba haihuwa ba, kuma Alƙur'ani ya ambaci wannan kaso a Suratus Shura, aya ta 49 da 50, inda bayan ya faɗi wanda ake ba 'ya'ya mata da wanda ake ba maza, ya ce yana sanya wanda ya so bakarare. Wanda ya ce 'yarki namiji ce, to ya yarda ke nan duk waɗancan aurarraki na maza biyu ne, al'umma kuma ta yi ƙarni goma sha huɗu tana aikata wannan ba ta sani ba, wahayi bai faɗakar ba. Wannan magana ce mai nauyi ƙwarai. Kuma da kuromozom ne abin dogaro, da ya wajaba a gwada jinin kowace amarya kafin a shafa fatiha, babu kuwa malamin da ya faɗi haka.

Sannan mu tambayi ilimin likitancin kansa. Y umarni ne da aka aika, jiki kuwa shi ne abin da aka gina. A nan umarnin bai isa ba. Marainan da ke cikinta ba sa samar da maniyyin da zai ba da ciki. Ko za a yi mata allurar sinadarin maza kullum, gemu ba zai fito ba, murya ba za ta canja ba, saboda jikin ba ya karɓa. Wane namiji ke nan za a mayar da ita? Mutumin da ke da ƙirjin mace da gaban mace da muryar mace, a ce ya tuɓe hijabi ya shiga sahun maza a masallacin Juma'a, ya kwana ɗakin samari, ya yi wanka inda suke yi? Fitinar da baffan yake gudu ita ce zai jawo da hannunsa, kuma a kan marainiyar ɗan'uwansa za ta faɗa. Su kansu likitocin da suka gano XY ɗin, a ko'ina a duniya mace suke ɗaukar mai irin wannan halitta.

Masu wancan ra'ayi sukan ce ai magabata ma sun yi kuskure a alamomi. Gaskiya ne, an sami waɗanda suka ce a ƙirga haƙarƙari, wai na namiji ya gaza na mace da ɗaya. Ilimin jiki ya nuna kowannensu 24 gare shi, mun bar wannan magana ba tare da jin nauyi ba, tun da can ma malamai da dama ba su karɓe ta ba. Ni ban ƙi gwajin asibiti ba. Idan aka haifi jariri gabansa bai tantance ba, gwajin jini da hoton ciki hujja ce babba, har nakan hana iyaye gaggawar yanke hukunci kafin a yi su. Amma ana kawo shaida ne inda ake da shakka. Inda zahiri ya tabbata shekara 19, ba a rushe yaƙini da abin da shi kansa bai haifar da komai a jiki ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a 1409 bayan hijira, daidai da 1989, ta ce wanda alamomin maza da na mata suka haɗu a jikinsa a duba wanda ya rinjaya, a yi masa magani da tiyata ko da sinadari don a kawar da rikitarwar. Me ya rinjaya a jikin 'yarki, Hajiya? Ke kin fi kowa sani.

Mai cikakkiyar halitta da ya nemi a juya shi don son rai, wannan haramun ne, kuma ba shi da alaƙa da 'yarki. Cire marainan da ke ɓoye idan likitoci sun ga hatsarin ƙari a cikinsu magani ne, ba canja halittar Allah ba. Idan an cire za ta riƙa shan sinadarin mata don kare ƙasusuwanta, kada a yi wasa da shi. Sallarta da azuminta babu hutu tunda babu haila, iddar saki kuma in ta kama wata uku ce.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kin ce ba a gaya mata ba. Baliga ce mai hankali, jikinta ne, ba ya halatta a yi mata tiyata ko a ɗaura mata aure a kan abin da aka ɓoye mata. Kuma sirrin da baffa ya sani, matarsa ta sani, ba zai daɗe ba zai iso kunnenta ta bakin da ba ya tausayinta. Ki riga su. Ki zauna da ita ke da likita mace, ki fara da abin da na fara miki da shi, cewa ita mace ce a wajen Allah da wajen mutane, sannan a bi da sauran a hankali. Labarin rashin haihuwa zai yi mata ciwo fiye da sunan kowace ƙwayar halitta. Ki bar ta ta yi kuka, kada ki ce mata ta yi shiru don tawakkali. Ki sa ido a kanta watannin farko, idan ta daina cin abinci ko ta fara maganar gara mutuwa, a kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba. Ki tuna mata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, da ɗan 'yar'uwarta Abdullahi ɗan Zubairu aka yi mata alkunya, kuma ita ce uwar muminai.

Manemin nata wajibi ne ya sani kafin a sa rana. Na san mashhurin mazhabarmu bai lissafa rashin haihuwa cikin aibobin da ke ba da zaɓin raba aure ba, amma wannan a kan wadda ba a san halinta ba ne. Ku kun sani tabbas. An ruwaito Sayyidina Umar ya umarci wani mutum da ba ya haihuwa ya sanar da matar da ya aura, ya kuma ba ta zaɓi. A gaya masa ba ta da mahaifa kuma ba za ta haihu ba. A irin wannan halitta gaba yakan zama gajere, likitoci suna da hanyar taimakawa, a nemi shawararsu kafin biki, shi ma ya san da haka. Shi kaɗai za a gaya wa, a ɗaure shi da amana, ba danginsa ba. In ya tambayi ƙarin bayani kada a yi masa ƙarya. In ya janye a mayar masa da kayansa cikin mutunci, kada a riƙe shi a zuciya.

Kada ki bari a ce miki aljani ne ya shanye mata jini ko sammu aka yi mata, a yi ta karɓar kuɗinki ana ba ta jiƙe-jiƙen kawo al'ada. Babu sassaƙen da zai kawo haila inda babu mahaifa, wasu ma ƙoda suke lalatawa. Wannan halitta takan bi ta wajen uwa, na faɗa ne don a duba ƙannenta mata idan sun kai shekara 15 ko 16 ba su ga al'ada ba, ko aka ga kumburi kamar ƙaba a matsematsin ƙaramar yarinya. Ba laifinki ba ne, ba abin da kika ci ko kika aikata da cikinta.

Baffanta kuma a kai masa wannan amsa cikin girmamawa, a roƙe shi ya kama bakinsa, domin kiran ta mata-maza a cikin dangi cin naman marainiya ne. In tana da wa ko ƙane baligi, ya riga baffa a waliccin aure. In babu, baffan kuma ya dage ya hana, alƙali yana da ikon aurar da ita bayan ya ga takardar likita.

Wallahu a'alam.