Janareta na hawa da sauka, UPS na ta ƙara: a ina matsalar take?

Yawancin tambayoyin wannan makon a kan waya da kwamfuta aka aiko su, amma da na duba sai na ga tushen matsalar yana wajen injin da ke ba su wuta. Shi ya sa yau za mu ɗan shafa baƙin mai a hannu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin janareta na fetur da nake kunna kwamfuta da firinta da shi. Kwanan nan sautinsa ya canza, ya yi sama ya yi ƙasa, hasken ƙwan fitila ma yana bin sa. UPS ɗina kuma sai ƙas-ƙas yake yi yana komawa kan batir. Wani ya ce UPS ɗin ne ya lalace, in sayi sabo. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka. UPS ɗinka, wato akwatin batirin da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, aikinsa yake yi, wutar da ake ba shi ce bai yarda da ita ba.

Ƙaramin janareta na gama-gari sai injinsa ya yi juyi 3,000 a minti ɗaya kafin ya ba da wuta mai 50Hz, ko 3,600 a ƙasashen da ke amfani da 60Hz. Idan gudun ya faɗo zuwa 2,700, wutar ta koma 45Hz ke nan, ƙarfinta ma yakan ragu tare. UPS yana lura da wannan, da ya ga wutar ta fita daga iyakar da aka sa masa sai ya koma batir, da ta dawo ya dawo. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji ke nan. In ka bar shi a haka, batirin zai riƙa zubewa ba ya samun cika, ka ga daga baya sai maganar mutumin nan ta zama gaskiya.

Abin da ke riƙe gudun inji wuri ɗaya shi ne gwamna, wato ɗan ƙarfen nan mai sifirin da ke haɗe da maƙogwaron kabureta. Idan gudun inji ya ragu ya buɗe masa mai, idan ya yi gudu da yawa ya rage. To idan man da ke shiga bai isa ba, inji zai yi kamar zai mutu, gwamna ya wangale maƙogwaro, inji ya zabura ya wuce gona da iri, gwamna ya sake rufewa, a sake komawa gidan jiya. Mutane da yawa suna ganin ƙarfen gwamna yana kai da komo sai su ɗora masa laifi su kama murɗa sukurunsa. Ni ban goyi bayan haka ba ko kaɗan. Mafi yawan lokaci gwamna lafiyarsa ƙalau, yunwar mai ce ke damun injin, kuma wanda ya murɗa sukurun nan ba tare da mitar auna wuta ba yana iya ɗaga gudun har ya ƙona kayan da ke jone.

Ga gwajin da ba ya buƙatar ko sifana. Cire kwamfuta da duk wani abu mai daraja, ka bar ƙwan fitila kawai. Tayar da injin a fili, nesa da ƙofa da taga kamar mita shida, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba ta carbon monoxide wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Idan ya yi zafi, ja cok a hankali zuwa rabi. In sautin ya daidaita, ka gano bakin zaren: cok ya rage iska, ɗan man da ke samun shiga ya wadatar. Kada ka ce shi ke nan ka bar shi yana aiki da rabin cok, matsalar tana nan, sai dai ka ƙara masa shan mai da baƙin filogi.

Daga nan sai ka bi hanyar mai tun daga sama, ka fara da mai sauƙi. Tun yaushe fetur ɗin yake cikin tanki? Fetur yakan fara lalacewa idan ya kai kamar wata guda a ajiye, ɓangarensa mai saurin kamawa ya tashi, ya bar wani danƙo mai kalar ruwan ƙasa. Wanda aka gauraya da ethanol kuma yana jan danshi daga iska. A gindin kabureta akwai ɗan kofin ƙarfe mai sukurun tsiyaye mai a gefensa. Kashe inji, bar shi ya huce, kwance sukurun ka tari man a kwalba mai haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa ƙwal-ƙwal. Idan ka ga haka, ko ka ga tsatsa, a juye tankin duka a zuba sabo. Ka lura da yadda man ke zubowa ma: in ɗigo yake yi alhali famfon mai a buɗe, to rariyar da ke cikin famfon ta toshe ko tiyo ya lanƙwashe.

Murfin tanki ma yana da ɗan ramin shan iska. Idan ya toshe, inji zai yi aiki na ɗan lokaci lafiya, sannan ya fara shaƙewa ya mutu. Sassauta murfin yayin da ya fara, in ya farfaɗo ka san inda za ka wanke.

Idan duk waɗannan lafiya, saura jet, wato ɗan abu mai siririn rami da mai ke bi ta cikinsa a kabureta. A irin kaburetar da ke kan Honda GX160 da GX200 da ɗimbin injinan da aka kwaikwaya daga gare su, jet biyu ne. Babban yana tsakiyar kabureta, sai ka cire kofin nan na ƙasa za ka gan shi, ɗan jan ƙarfe mai tsaga ta sukudireba, a samansa kuma akwai siririn bututu mai ƙananan huji a jikinsa. Ƙaramin yana ta sama, sukurun silo, wato mai saita ƙaramin gudun inji, ya danne kansa. Raminsa ɗan mitsitsi ne ƙwarai, shi ya sa shi ke fara toshewa. Alamar da za ta raba maka su: idan hawa da saukar ta fi yawa lokacin da ba a ɗora wa inji kaya ba, amma ta lafa da ka jona abu mai jan wuta, ƙaramin jet ne. Idan kuwa yana tafiya sumul babu kaya, da an ɗora masa ya durƙushe, nemi babban.

Wajen wankewa, ƙirga juyin da ka yi wa sukurun silo don ka mayar da shi yadda yake. Fesa maganin wanke kabureta, ka zura silin waya ɗaya mai laushi daga cikin tsohuwar wayar wuta, ka ɗaga jet ɗin sama ka ga haske ya ratsa. Ban da allura, ban da ƙusa. Ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa, kuma injin zai koma zuƙar mai da baƙin hayaƙi har sai an sauya jet. Kafin ka ɗaure, duba gaskit ɗin da ke tsakanin kabureta da inji. In ya yage, iska na satar hanya ta nan, kuma alamarta iri ɗaya ce da ta toshewar jet.

Abu ɗaya game da firintarka. Idan mai hoda ce, tana jan wuta mai yawa a lokacin da take ɗumama kanta kafin bugu. Janareta ya ɗan yi nishi a daidai wannan lokacin ya dawo ba ciwo ba ne. Sai dai a cire ta daga jikin UPS, ba a jona irinta a ƙaramin UPS.

Tambaya: Idan na sa wayata caji da wutar janareta, allon sai ya riƙa taɓa kansa, ya buɗe abin da ban buɗe ba. Wayar ce ta samu matsala?

Amsa: Hajiya, cire cajar ki gani. In allon ya nutsu, wayar lafiyarta lau. Allon waya yana gane yatsa ne ta ɗan canjin lantarki kaɗan, don haka caja maras kyau da ke barin hayaniyar wuta ta wuce tana ruɗa shi, wutar janareta mai rawa kuma sai ta ƙara tsananta abin. Gwada caja ta asali. Ki duba jikinta, za ki ga an rubuta 100-240V da 50/60Hz, wato tana jure ɗan hawa da sauka. Abin da ba ta jurewa shi ne zaburar wuta lokacin tayar da inji da lokacin da mai ya ƙare yana shure-shuren mutuwa. A tayar da inji ya daidaita kafin a jona, a cire kafin a kashe.

Tambaya: Janaretana baƙin hayaƙi yake yi, yana tari, kuma filogi ba ya daɗewa sai ya yi baƙi ƙirin. Na canza filogi har na gaji.

Amsa: Kishiyar matsalar farko ke nan, mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Filogi shaida ne kawai, ka daina hukunta shi. Buɗe akwatin matatar iska. Idan soso ne, wanke shi da ruwa da sabulu, ya bushe sarai, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse. Idan na takarda ne a sauya. Tabbatar cok yana buɗewa har ƙarshe. In kuma fetur na tsiyaya daga kabureta ko inji a kashe, allurar da ke tsayar da mai a cikin kofin ba ta rufewa, kuma wani lokaci fetur ɗin har cikin baƙin mai yake gangarawa. Sansana sandar awon baƙin mai, in ka ji warin fetur a juye shi.

Kalar filogi na ba da labari. Ruwan ƙasa mai haske, komai daidai. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan kuma inji na zafi. Baƙi mai maiƙo tare da shuɗin hayaƙi, baƙin mai ne ke ƙonewa, ko an cika shi ya wuce ƙa'ida ko ringi sun cinye, wannan na biyun kuwa aikin makaniki ne. Tazarar bakin filogi a irin waɗannan injinan 0.7 zuwa 0.8 na milimita ce.

Tambaya: Ɗan ƙaramin janaretan nan ne da ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Da yana ɗaukar kwamfuta da fanka, yanzu fanka kaɗai ma da ƙyar.

Amsa: Yaya kake yin haɗin? Yawancinsu kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita, kuma da man 2T, amma ka bi abin da aka rubuta a jikin tankinka. Masu zubawa da ido sukan zarce, wai don inji ya ji daɗi. Rarar ba ta ƙonewa duka, sai ta daskare a salansa da ƙofar fitar hayaƙi har numfashin injin ya toshe. A kwance salansa a kankare. Rage man 2T kuma ya fi haɗari, don fistin na iya kamewa.

Tambaya: Yana tashi, bayan ɗan lokaci ya mutu da kansa. Wani ya ce in cire wayar da ke gefen inji zai daina.

Amsa: Wayar na'urar lura da baƙin mai yake nufi, wadda ke kashe inji idan mai ya yi ƙasa. Zai daina mutuwa kam, har ranar da zai ƙwanƙwasa gaba ɗaya. Ajiye janaretan a wuri mai daidai, don ko karkata ya yi na'urar na iya kashe shi, sannan ka duba mai. Injin GX160 kusan lita 0.6 yake ɗauka, ana juye na farko bayan awa 20 na aiki, daga nan duk awa 100. In mai ya cika, wuri daidai ne, murfin tanki na shan iska, amma da ya yi zafi sai ya mutu kuma ba ya tashi sai ya huce, a gwada tartsatsin filogi nan take yana da zafi. Babu tartsatsi, koyil ne ake zargi. Akwai tartsatsi, sai makaniki ya auna tazarar bawul inji na sanyi: a tsohon samfurin GX160 milimita 0.15 ce a na shigar mai, 0.20 a na fitar hayaƙi.