Tambaya da Amsa: Me ya sa jitar bes ke komawa gurnani a ɗakin taro?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga Ƙofar Ƙaura a cikin birnin Katsina, ina kaɗa jitar bes mai tsirkiya huɗu a wata ƙungiyar makaɗan biki, inda muke da mai fiyano da mai ganga da mai kalangu. Amfilifayata mai wat 100 ce, da lasifika ɗaya mai inci 15. Idan ina gwaji a ɗakina sautin yana fita da daɗi, amma da zarar mun shiga ɗakin taro sai ya koma gurnani, ba a bambance wannan sauti da wancan, kuma duk yadda na ƙara bes sai abin ya ƙara dagulewa. A bidiyon da mutane ke ɗauka da waya ma ba a jin jitata ko kaɗan. Shin in sayar da amfilifayar in nemi mai wat 200?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar sayar da ita, domin wat 200 ba zai raba ka da wannan damuwa ba. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu ba ya ƙara maka sama da desibel 3 a ma'aunin ƙarar sauti, wanda ɗan bambanci ne da kunne ke ji amma ba ya sauya komai a cikin hayaniyar biki, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu sai an ninka wat ɗin kusan sau goma. Ko da ka samu wannan ƙarfin, gurnanin da kake kuka da shi ne zai ƙaru, tunda ba rashin ƙarfi ne ya haifar da shi ba. Abin da ke damunka shi ne ɓangaren sautin da kake ƙarawa da ɓangaren da kake dannewa.

Tsirkiyarka mafi kauri, wato E, idan ka kaɗa ta a sake tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, abin da ake rubutawa 41 Hz, ta A kuma 55, ta D kusan 73, ta G kusan 98. Igiyar sautin 41 Hz a cikin iska ta ɗara mita 8 a tsawo, wanda ya kai faɗin ɗakunan taro da yawa. Ka dubi yadda ake gina irin waɗannan ɗakuna a wajenmu: ƙasa tayil, bango siminti, tagogi gilashi, babu abin da zai shanye sauti mai kauri. Sautin yana dukan bango ya dawo ya haɗu da wanda ke fitowa, sai ka tarar a wani gefen ɗakin wasu sautuka sun kumbura har kwalaben lemo na rawa a kan tebur, a wani gefen kuma sun ɓace ɗungurungum. A ɗakin kwananka kana da katifa da labule da tulin tufafi, kana kaɗawa kai kaɗai, kuma a hankali. Kunnen ɗan'adam ba ya kama sauti mai kauri sosai idan ƙara ta yi ƙasa, shi ya sa ka saba murɗa bes zuwa sama domin ka ji shi. Wannan saitin da ya yi maka daɗi a gida, idan ka ɗauke shi yadda yake ka kai ɗakin taro ka ƙara murya, ya riga ya wuce kima.

Batun wayar da ka ambata shi ne ya tona asirin matsalar. Idan ka kaɗa E, ba 41 Hz kaɗai ke fita ba, akwai 'ya'yan sautin da ke tafiya tare da shi a kan 82 da 123 da 165 har zuwa sama, kuma da waɗannan 'ya'ya ne kunne ke gane wane sauti aka kaɗa. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da 41 Hz ko abin da ke kusa da shi, amma idan 'ya'yan suna nan da ƙarfinsu, ƙwaƙwalwar mai sauraro tana cike gurbin uwar da kanta. Tunda ba a jin ka a waya sam, alama ce cewa ka danne tsakiyar sautinka ka bar gindi kawai. Matasa da yawa suna son wannan saiti, a ɗaga bes, wato gindin sauti, a ɗaga tirebul, wato samansa, a kwantar da mid, wato tsakiyarsa, domin yana da daɗi idan mutum yana shi kaɗai, har wasu amfilifayoyin suna zuwa da maɓalli na musamman da aka rubuta wa Contour ko Enhance wanda aikinsa ke nan. A cikin ƙungiya kuwa, shi ne hanya mafi sauri da mai bes zai ɓace. Daga 40 zuwa 80 Hz akwai nauyin da ake ji a ƙirji, daga kusan 100 zuwa 200 akwai jikin sautin, wajen 250 zuwa 400 ne ake samun dagulewa idan ya yi yawa, sannan daga 700 zuwa 1,000 nan ne muryar jitar take, inda ake bambance wannan sauti da wancan. Abin da ya haura 2,000 ƙarar yatsa ce da ta ƙarfe.

Saboda haka a bikin da ke tafe ka je da wuri kafin baƙi su cika, ka mayar da bes da mid da tirebul tsakiya, ka kashe wancan maɓalli idan amfilifayarka na da shi. Ka ɗaga makunnin da aka rubuta wa Gain kana kaɗawa da irin ƙarfin da za ka yi a lokacin da biki ya yi zafi, har sai jar fitilar gargaɗi ta fara ƙiftawa, sannan ka ɗan dawo da shi baya, ka bar ƙarar gaba ɗaya a hannun makunnin da aka rubuta wa Master. Daga nan sai ka rage bes kaɗan, ka ɗaga mid kaɗan, ka sa sauran makaɗa su shigo. Idan kai kaɗai ka saurare shi zai yi maka kamar ya bushe, har ka ji kana son komawa saitinka na da, amma ka daure ka ba wani ya riƙe jitar ya kaɗa, kai kuma ka taka zuwa tsakiyar ɗakin da wajen ƙofa ka ji abin da baƙi za su ji. A ganina wanda bai taɓa jin jitarsa daga inda mutane ke zaune ba bai san sautinsa ba tukuna. Ka riƙa tuna kuma cewa idan ɗaki ya cika da jama'a da manyan riguna, sautin sama ne ke fara shanyewa, don haka ƙila ka buƙaci ɗan ƙarin mid bayan an fara.

Inda kake ajiye lasifikar ma yana da nasa rabo. Jingina ta da bango yana ƙara kauri, cusa ta a lungu inda bango biyu suka haɗu da ƙasa yana ƙara shi fiye da haka, kuma dandamalin katako mai rami a ƙasa yana amsawa kamar ganga. Ka janye ta daga lungu, ka ɗora ta a kan benci mai ƙwari ko ka ɗan kishingiɗar da ita ta fuskanci kunnenka, domin lasifikar da ke ƙasa gwiwoyinka take yi wa magana, kai kuma sai ka yi ta ƙara murya saboda ba ka ji. Idan bikin a waje ne, ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, lamarin ya juya: babu bangon da zai dawo maka da sauti, kaurin yana watsewa, kuma a nan ne wat 100 zai iya gazawa da gaske.

Kafin sauti ya isa amfilifaya ma, rabinsa ya riga ya ƙaddaru a hannunka. Kaɗa tsirkiya kusa da wuyan jita yana ba da sauti mai laushi da faɗi, kaɗa ta kusa da gadar da ke gindi yana ba da sauti matsattse mai kaifi, kuma tazarar yatsu huɗu tsakanin wuraren biyu tana iya yin abin da makunni ba zai yi ba. Tsirkiyoyin da ba ka kaɗawa su ma suna girgiza idan ba ka danne su da babban yatsa ko tafin hannun hagu ba, kuma wani kaso na gurnanin da ake ɗora wa amfilifaya daga nan yake. Ba ka faɗi irin jitarka ba, amma yawancin waɗanda ke shigowa kasuwanninmu kwaikwayon biyu ne daga ƙirar Leo Fender na Amurka: Precision da ta fito a 1951, wadda tun 1957 take da fikof ɗaya rababbe biyu, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar girgizarta, da Jazz ta 1960 mai fikof biyu. Precision tana da tsakiya mai ƙarfi tun daga halittarta, shi ya sa take zama daram a cikin ƙungiya ba tare da wahala ba. Jazz kuwa idan ka buɗe fikof biyun gaba ɗaya, wani ɓangare na tsakiyar yana soke juna, amma da ka ɗan rage na wajen wuya za ka ji murya ta fito. Idan taka mai batir ce, irin tsarin da Music Man StingRay ta shahara da shi tun 1976, ka kula da batirin nan mai bolt 9, domin idan ya fara mutuwa sautin yana dishewa yana tsatstsagewa, kuma barin wayar amfilifaya a soke cikin jita bayan an tashi yana cinye shi.

Tsirkiya kuma a garinmu ba ta daɗewa. Gumin bazara da ƙurar hunturu suna shiga tsakanin zagayen ƙarfen su kashe 'ya'yan sautin nan da muke nema, sai ta riƙa fitar da dum-dum babu baki. Ka riƙa goge su da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa, sama da ƙasa. Gaskiya ne James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin fayafayan kamfanin Motown a Detroit, ya yi suna da tsofaffin tsirkiyoyi masu santsi da ba ya canzawa, to amma shi a situdiyo yake, da injiniyoyin da ke gyara masa wuri a cikin kiɗan. Kai da ke kokawa da ɗaki mai tayil, masu kaushin nan da kamfanin Rotosound na Ingila ya yaɗa tun shekarun 1960 sun fi yi maka amfani. Bushewar hunturu tana kuma sauya lanƙwasar wuyan jita, tsirkiya ta fara gogar ƙarafunan wuyan ko ta yi nisa da su. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake gyara wannan da ita, amma kwata ɗin zagaye ake murɗawa a jira a gani, idan kuma ta yi tauri a kai wa wanda ya iya.

Akwai maganar da sai ka yi ta da mai fiyanonku, cikin lalama. Yawancin masu fiyano a ƙasar Hausa sun tashi ne suna yin kiɗan gaba ɗaya su kaɗai, ganga da bes da komai daga cikin na'ura ɗaya, don haka hannunsu na hagu ya saba zama a ƙasa, a daidai gurbin da kake. Muddin bes biyu suna tafiya a lokaci guda, babu saitin da zai raba su. Ya kashe bes ɗin da ke cikin kiɗan na'urar, ya matso da hannun hagu sama, shi kuma mai miksa, wato na'urar da ke haɗa sautukan duka makaɗa, ya yanke ƙasan fiyano da na makirufon mawaƙa da na kalangu da maɓallin da yawancin miksoci ke da shi a wajen 80 ko 100 Hz. Idan mai kalangu ya shiga magana da gangarsa, ka rage yawan abin da kake kaɗawa ka tsaya kan dogayen sautuka, domin yana ratsa wani yanki na tsakiyar da kake amfani da shi.

In akwai abin da ya cancanci kuɗinka a yanzu, ƙaramin akwatin nan ne da ake kira DI, wanda ke ɗaukar sautin jita ya aika shi miksa ta wayar makirufo, sai manyan lasifikokin taro su ɗauki nauyin ɗakin ko filin, amfilifayarka kuma ta zama ta jin kanka kawai. Duba bayan amfilifayar tukuna, domin da yawa suna zuwa da wannan mafita mai ƙafa uku a jikinsu. Akwatunan DI irin su SansAmp na kamfanin Tech 21 suna ƙara ɗan kaushi mai kama da na tsofaffin amfilifayoyi masu kwalba, kuma wannan ɗan kaushin 'ya'yan sauti yake haifarwa, wato abin da zai sa a ji ka a waya. Akwai kuma wata na'ura da ake kira kwamfuresa, tana daidaita sautin da ya yi tsalle da wanda ya noƙe, amma idan aka matsa ta da yawa tana kashe kuzarin kiɗa, kuma ban ga dalilin sayenta ba kafin hannu ya daidaita.

Wutar lantarkinmu bolt 230 ce a kan 50 Hz, kuma wannan 50 ɗin tana daf da sautin G da ke kan gaɓa ta uku a tsirkiyar E, wanda yake 49 Hz. Shi ya sa idan ƙugin wuta ya shiga layinka za ka ji wannan sautin musamman yana rawa kamar ba a saita jitar ba. Idan ƙugin ya taso ne bayan ka haɗa da miksa, maɓallin Ground Lift da ke jikin DI ne maganinsa, tare da jona amfilifaya da miksa a soket ɗaya. Kada ka yarda wani ya karya ƙafa ta uku ta fulogi da sunan kashe ƙugi, domin ita ce ke tsakaninka da jan wuta ta tsirkiya. A kan janareto ka sa sitabilaiza, ka kunna amfilifaya a ƙarshe ka kashe ta da farko, kuma idan ka sayi ta hannu da ta fito daga Amurka ka karanta bayanta, saboda can bolt 120 suke amfani da shi.

Idan ka yi duk wannan kuma har yanzu ƙara ba ta isa ba, ƙarin lasifika ya fi ƙarin wat amfani, domin faɗin abin da ke tura iska shi ne ke cika wuri. Da haka Ampeg SVT ta 1969 ta yi suna, wat 300 da akwati mai lasifika takwas 'yan inci 10, sai dai amfilifayar kaɗai, ban da akwatin, ta kusa kilo 40, ba kayan ɗorawa a bayan babur ba ne, alhali amfilifayoyin zamani marasa nauyi da ake kira ajin D suna ba da wat 500 a cikin abin da za ka rataya a kafaɗa. Kafin ka jona akwati na biyu ka tabbata amfilifayar tana da mafitarsa, ka kuma karanta mafi ƙarancin om da aka rubuta a bayanta, wato ma'aunin yadda lasifika ke turje wa wuta. Akwati biyu masu om 8 idan aka haɗa su suna komawa 4, wanda yawancin amfilifayoyi ke ɗauka, amma biyu masu om 4 suna komawa 2, kuma wannan yana iya ƙona wadda ba a yi ta don haka ba. Haɗin kuma da wayar lasifika mai kauri ake yin sa, ba da wayar jita ba, ko da bakinsu iri ɗaya ne.